Ranar da Aka Kulle Yayana Don Kada Baƙi Su Gan Shi

Akwai wata Alhamis da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, amma in na tuna ta sai in ji zuciyata na tafasa kamar jiya abin ya faru. Ba zan kama sunan kowa ba, don mutanen suna nan da ransu, wasu ma muna haɗuwa a biki da suna. Labarin dai sai na ba da shi, wanda ya ji haushi ya ji.

Ni tela ce a Birnin Kudu, aure ne ya kawo ni. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, wajejen Maruta. Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa, babbanmu namiji ne, shi nake kira Yaya. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe mu, shi ne noma, shi ne cefane, shi ya yi mini kayan ɗaki. Mutum ne mai tsokana, in ya dawo daga gona tun daga zaure ake jin muryarsa yana neman wanda zai ja da faɗa. A samansa kuwa akwai Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda in ya yanke magana a gidan nan ba mai ɗaga ta.

A daminar shekarar 'yar Yaya mai shekara huɗu ta kamu da zazzaɓi. Ruwa ya yanke hanya har kwana biyu. Ranar da ya samu ya fita, ya ɗauko ta a babur, uwar na rungume da ita a baya, kafin su kai asibitin Gwaram rai ya yi halinsa. Daga ranar Yaya ya zama wani mutum daban. Maganarsa ɗaya ce, da ya ratsa ruwan nan tun ranar farko da yarinyar tana nan. Ya daina cin abincin kirki, ya daina zuwa majalisa, gonar riɗinsa ciyawa ta cinye yana kallo. Matarsa tana da ciki a lokacin, da cikin ya tsufa iyayenta suka zo suka ɗauke ta goyon ciki, aka bar shi shi kaɗai a ɗaki da takalman yarinya a bakin ƙofa.

Me mutane suka yi masa? Wa'azi. Kowa ya zo sai ya ce, “Haba, kai fa namiji ne, a kanka aka fara rasa ɗa?” Wani ya ce rashin tawakkali ne. Wani ya ce ya ƙara yawan istigfari. Mutumin da ko a gona ba ya bari salla ta wuce shi, shi ake koya wa tawakkali! Ba wanda ya zauna kusa da shi ya yi shiru ya bar shi ya yi magana.

Wadda ta ga komai ita ce Inna, mahaifiyarmu, ita kuma bakinta a ɗaure yake. Muna da jinin Fulani ta wajenta, kuma Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayarsa yadda ya kwana, in dole ta kama ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”. Haka ta taso ta ga ana yi, kuma da wannan kunyar ake yabonta a gari. Tana ganin kwanon tuwonsa yana dawowa yadda aka kai shi, sai dai ta juye wa kaji ta koma ɗaki.

Da kaka ta yi sai Yaya ya ɓullo da wani sabon abu. Ya fara bin gari gida-gida yana neman yafiya. Ya ba ɗan Baffa baburinsa kyauta. Ya kai wa ladan babbar rigarsa ta salla. Tumakinsa ya raba wa ƙannenmu. Sai gari ya ɗauka, wai Yaya ya koma ga Allah, wai rasuwar 'yarsa ta zame masa shiriya. Baffa da kansa ya yabe shi a ƙofar masallaci, ya ce samari su yi koyi da shi.

Ni ma ban tsira ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya kira ni a waya ran wata Talata ina kan keken ɗinki. Ya ce, “Ƙanwata, in na taɓa ɓata miki rai ki yafe mini.”

Na tuntsire da dariya na ce, “Kai Yaya, Makka za ka ba mu da labari?”

Ya ce, “A'a. Ke dai ki yafe. Kuma ki riƙa leƙa Inna.”

Na ce na yafe duniya da lahira, na ajiye waya na ci gaba da taka kekena, har da murna wai Yaya ya fara samun sauƙi. Kaicona.

A makon nan ɗinki ya yi mini yawa, domin ran Asabar za a ɗaura auren 'yar Baffa, ankon gidanmu duk a hannuna yake, niyyata in tafi ran Juma'a. Ran Alhamis da hantsi wata nas da nake yi wa ɗinki ta zo karɓar kayanta. Tana aiki ne a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, abin da a lokacin nake ɗauka wurin mahaukata ne kawai. Tana jira in ƙarasa mata kalmasa, ni kuma da surutu, sai na shiga ba ta labarin yayana da alfahari, yadda ya rabar da kayansa, yadda yake bin mutane neman gafara.

Sai na ga ta daina murmushi. Ta tambaye ni yaushe yarinyar ta rasu. Ta tambaya ko yana cin abinci, ko yana barci, wa ke zama tare da shi. Ina ba ta amsa tana ƙara tsuke fuska. Can ta ɗora hannu a kan keken ta ce, “Anti, ajiye ɗinkin nan. Mutumin da ke cikin irin wannan baƙin ciki, in ya fara rabar da kayansa yana bin jama'a neman yafiya, sau da yawa sallama yake yi.”

Na zabura na ce, “A'uzubillahi! Sista, yayana musulmi ne fa.”

Ta ce, “Na sani. Mai salla yana kamuwa da hawan jini, yana kamuwa da wannan ma. Ciwo ne, kuma ana maganinsa. Ki tafi yau, ba gobe ba. In kin je ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa.”

Na ce ai wannan sa masa tunanin ne a rai. Ta girgiza kai ta ce tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu, sai dai ta ba shi ƙofar magana. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, a kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kawo shi asibiti, za ta jira mu. Ta sa mini lambarta a waya da hannunta.

Na kira Yaya, waya a kashe. Na kira wata ƙanwata, hayaniyar biki ta cika wayar, ta ce mini yana nan lafiya. Na ce a ba ni Inna. Na ce, “Inna, ya jikin Yaya?” Sai ta ce, “Ki zo yau.” Matar da ba ta taɓa neman wani abu a kan ɗan nan ba. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba, na bar ankon mutane a ƙasa na nufi tasha.

Ban san yadda na kai ba. Na dai tuna na yi wa direba masifa a kan tsayawar da yake yi ɗaukar fasinja, har wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah. Daga Gwaram na hau acaɓa, na isa gida bayan azahar. Na tarar da motoci biyu a ƙofar gida. Ashe ranar dangin ango suka zo daga Kangire kawo lefe, mata cike da tsakar gida ana ta guɗa ana buɗe akwatuna, dattawa biyu da suka rako su suna zaure tare da Baffa.

Na wuce ɗakin Yaya, ba kowa. Na duba bayan gida, ba ya nan. Sai na hango Inna can gefe, ita kaɗai a kan tabarma, ta ba biki baya, ta zuba wa wata ƙofa ido. Na durƙusa na ce, “Inna, ina Yaya?” Da baki ta nuna mini ɗakin ajiya. An datse ƙofar da ƙaton kwaɗo.

Ƙanwata ce ta raɗa mini abin da ya faru. Da safe Yaya ya fito ya zauna a ƙofar gida, ya rame, suma ta taru, riga ta yi dauɗa, ya ce in baƙi sun zo su ma zai nemi yafiyarsu. Baffa ya dube shi, nan take waliyyin jiya ya zama abin kunya. Ya ce in surukai suka ga wannan za su koma su ce akwai hauka a dangi, a fasa auren 'yarsa. Sai ya sa aka shigar da shi ɗakin ajiya, wai ya huta zuwa la'asar, ya rufe ya jefa mukulli a aljihu.

Jama'a, kun san abin da ke cikin ɗakin ajiyar manomi. Buhunan taki ne, da igiyoyi, da ragowar maganin feshi na gidan gaba ɗaya da aka tara tun damina. Duk abin da nas ta ce a nisanta shi da shi, a nan aka tara, kuma a nan aka zaɓa a kulle shi shi kaɗai, tun safe. Ko maƙiyinsa aka ba kwangila ba zai tsara abin da ya fi wannan ba.

Na buga ƙofar na ce, “Yaya! Ni ce.” Shiru. Na sake bugawa da ƙarfi. Shiru.

Ban san lokacin da na faɗa zaure ba. Mace a tsakiyar dattawa, ba sallama, ɗankwali a karkace. Na ce, “Baffa, mukullin ɗakin ajiya.”

Ya kalle ni kamar zai cinye ni. Ya yi murmushin dole ga baƙi, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Ke, wane irin rashin kunya ne wannan? Koma ciki.”

“Ku ba ni mukullin in koma.”

“Sai baƙi sun tafi.”

Na ce, “Wallahi Baffa ba zan bar zauren nan ba. Kun kulle marar lafiya da maganin feshi tun safe, ina kira ba ya amsawa, kuna nan kuna cin goro!”

Ya miƙe tsaye. Ya ce ni ba 'yar gidan nan ba ce daga yau, ya ce zaman birni ya lalata ni, ya ce lafiyar yaron nan ƙalau, 'yar damuwa ce da addu'a za ta kawar. Har a lokacin hannunsa na kan aljihu yana dafe da mukulli. Abin da yake tsoro a ransa shi ne abin da mutanen Kangire za su faɗa, kuma ya fi tsoron wannan a kan abin da za a tarar a bayan ƙofar.

Muna cikin haka sai muka ji duka daga cikin gida, irin dukan ƙarfe, guɗa ta tsaya cak. Na ruga. Inna ce. Ta ɗauko taɓarya daga bakin turmi tana dukan kwaɗon nan da iya ƙarfinta, tsohuwar da ko bokitin ruwa sai an ɗaga mata. Zanenta ya kwance ta sake ɗaurawa ta ci gaba. Kuma tana duka tana kiran sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban surukai da 'yan biki da kowa. Matan gidan suka rufe baki. Ni kuwa shekarata talatin da wani abu a duniya, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. A duka na shida ko na bakwai maƙalar ƙofar ta fita daga katako.

Yana zaune a kan buhu a cikin duhu da zafi, gumi ya jiƙa shi. Ya jawo ɗaya daga jarkokin maganin feshin nan ya ajiye a gabansa. Bai taɓa abin da ke ciki ba tukuna, Allah ne kaɗai Ya san saura minti nawa. Na sa ƙafa na ture ta waje, na durƙusa na kama hannuwansa. Na tuna abin da nas ta ce mini. Na ce, “Yaya, tunanin kashe kanka kake yi?”

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, “E.” Sai ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne 'yarsa. Inna ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ɗora hannu a bayansa.

Za ku zaci Baffa ya saduda. Ina! Ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa a kira malam ya yi masa tofi, maganar asibiti a bari sai bayan biki. Da ya ga ba mai sauraronsa sai ya ce to a fitar da shi ta bayan danga, kada a ratsa ta gaban mutane. Na ce ta ƙofar da ya saba shiga gidan ubansa ta nan zai fita. Ɗaya daga dattawan Kangire, wani Alhaji mai furfura da ya biyo mu ciki, ya dubi Baffa ya ce, “Malam, wannan ai marar lafiya ne. Don mu kuka rufe shi? Subhanallahi.” Ya juya ya ce da ni, “'Yata, ga mota nan, a tafi yanzu.” Mutanen da aka ɓoye shi dominsu, a motarsu aka kai shi Birnin Kudu. Auren kuma an ɗaura shi ran Asabar, ba wanda ya fasa komai.

Nas ɗin nan ta cika alkawari, a bakin ƙofa muka same ta. Yaya ya yi kusan mako uku a asibiti. Aka ɗora shi a kan magani, akwai kuma mai zama da shi su yi ta magana. Kafin a sallame shi na koma ƙauye na sa aka kwashe kayan feshin gidan kaf aka kai ajiya gidan wani maƙwabci, muka tsara wanda zai riƙa zama da shi, matarsa ma ta dawo bayan ta haihu ta yi arba'in. Addu'a kuwa ba mu fasa ba, ba wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakaninta da magani. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya warke lokaci ɗaya ba. Akwai watan da ya ajiye magani don wani ya ce masa na mahaukata ne, sai da muka sake komawa baya. Amma yana nan da ransa, yana noma, yana zuwa ganin likita, tsokanar ma ta dawo, ko da ba kamar da ba.

Wata rana a asibitin ina ɓare masa lemo ya faɗa mini maganar da ta hana ni sakat har yau. Ya ce ba gidan da bai shiga ba a garinmu, kowa ya ce ya yafe, wasu har da sa masa albarka. Ya ce, “Ina ta jira wani ya ce mini, kai lafiya kuwa? Da an tambaye ni da na faɗa.” Na sunkuyar da kai, don ni ma ina cikinsu, har da dariyata ta zancen Makka.

Shi ya sa haushin bai bar ni ba. Ina jin haushin masu wa'azin da suka mayar da ciwo rashin imani. Ina jin haushin al'adar da ta sa uwa ta yi wata huɗu tana kallon ɗanta yana narkewa ba ta da bakin tambayarsa, sai da ta kai ga taɓarya. Ina jin haushin kaina. Baffa kuwa shekara biyu ya yi ba ya amsa gaisuwata, kuma har gobe in zancen ya taso cewa yake na tona asirin gida a gaban surukai. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya.

Abin da na koya ba shi da wuya, kuma ba sai ka yi karatun likita ba. In naka ya shiga baƙin cikin da ya ƙi wucewa, ya daina ci, ya daina barci, ya fara sallamar mutane, kada ka tsaya yabonsa ko yi masa faɗa. Zauna ka tambaye shi da bakinka, ka faɗi kalmar ko da tana da nauyi. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka kwashe abin da zai cutar da shi, ka kai shi wurin masu aikin a ranar, ko biki ake yi ko suna. Mutanen da kake jin kunya za su ci abincinsu su koma gidajensu, kai za a bari da abin da ya faru. A danginmu har yau akwai masu kirana marar kunya, kuma na karɓa hannu biyu. Gara a ce ba ni da kunya, ina da yaya.